Yini guda a ƙafa cikin tsohuwar Alƙahira

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gode da addu'o'inku. An yi wa Hajiya mahaifiyata aikin gwiwa a nan Alƙahira ranar Lahadi, kuma an dace, alhamdu lillahi. Tana kwance, ƙanwata na tare da ita. Jiya Laraba da safe ta dube ni ta ce, "Kai da Allah ya bar wa ƙafafunka, kwana goma kana zaune kamar an dasa ka. Tashi ka je ka ga gari, ka dawo ka ba ni labari." Shi ne na fita. Na yi niyyar ba zan hau komai ba in na isa tsohon gari, kuma ban hau ba har magariba. Ina son in ba ku labarin don akwai abin da ya tsaya mani a rai.

Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka Babu Sha'ariyya, na taka zuwa Babul Futuh, ƙofar arewa ta ganuwarsu. An gina ta a 1087, da dutse, kuma ga ta nan tsaye, mutane na wucewa ta cikinta da kayan miya. Na tsaya ƙarƙashinta na kai minti goma ina kallon sama. A jikinta masallacin Hakim yake, wanda aka gama a 1013. Tsakar gidansa fili ne fetal, an shimfiɗe da farin dutse mai santsi, ba kowa sai tantabaru da wani dattijo yana shara. Na yi nafila na zauna jikin ginshiƙi. Ba wanda ya ce mani tashi, ba direba yana mani hon a waje.

Daga nan na miƙe titin Mu'izz. Daga wannan ƙofa zuwa Babu Zuwaila ta kudu bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma sai da ya ci mani awa biyar.

Ɗan Daura:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Awa biyar a kilomita ɗaya, Yaya? Mi ka tsaya yi?

Baban Hanifa:
Amin ƙanena. Kowane taku ashirin akwai abin da zai tsayar da kai. Akwai wani gini da ya raba titin biyu, na 1744, ƙasansa wurin shayar da masu wucewa ruwa ne kyauta, samansa makarantar allo. Mai kuɗi ɗaya ya gina, ya haɗa sadakar ruwa da ta karatu a gini guda. Gaba kaɗan maƙeran tagulla ne, kana jin ƙwanƙwasarsu tun daga nesa. Sai ginin Sarki Ƙalawun, makaranta da kabari da asibiti, da aka gina tsakanin 1284 da 1285. A asibitin nan kyauta ake duba marar lafiya a wancan zamani, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar. Ni da na baro uwata a gadon asibiti, na san abin da muka sayar kafin mu zo, wallahi sai da idona ya kawo ruwa a wurin.

Na sha ruwan rake a tsaye, a gabana aka tura sandar cikin inji. Wani yaro ya wuce ni a kan keke da faffaɗan faranti na katako cike da gurasa a kansa, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a farantin, yana ratsa mutane. Na yi azahar a Azhar, masallacin da aka fara salla a cikinsa tun 972. Bayan salla na ga halƙoƙin karatu, kowa da ginshiƙinsa, na ji wasu samari biyu na Hausa a bayana, 'yan Damagaram ne. Na ci kushari a wani ɗan shago, shinkafa da taliya da makaroni da adas, an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Ɗan'uwan garau-garau ne, sai dai ya fi shi tarkace.

Kawu Na Rafindadi:
Yaro, ina taya ka murna da lafiyar Hajiya. Amma bari in faɗa maka gaskiya tunda ni kawunka ne a zauren nan. Jinya ka je, ba yawon buɗe ido ba. Uwa ko ta ce ka tafi, kunya da tausayi ne suka sa ta faɗa. Da wani abu ya taso kana can saman hasumiya fa? Mu a da in an ce mutum na jinya, ko kasuwa ba a ganin shi.

Maman Sadiƙ:
Kawu, Allah ya ja da ranka, ni ban ga laifinsa ba. Na yi jinyar maigidana wata biyu a can. Mai jinya ma marar lafiya ne in ba a lura ba. Kana ɗaki ɗaya, ba ka jin yaren mutane, kullum lissafin kuɗi. Ranar da na fita na zaga na dawo, shi kansa ya ce fuskata ta sake. Kuma ai ya bar ƙanwarsa a wurin, ga waya a hannunsa.

Baban Hanifa:
Kawu na karɓi faɗanka, kuma na san don Allah ka yi. Sau huɗu na kira su. Amma ka san Hajiya. Matar da ta yi shekara da shekaru tana tafiya cin kasuwar ƙauye a ƙafa da ƙwarya a kai, yau shekara uku ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa. Da na dawo sai da ta sa na zauna na ba ta labarin tun daga farko, tana tambaya, "Daga nan sai ina? Ka gaji? Akwai inuwa?" Ba gine-ginen take tambaya ba, tafiyar take tambaya.

Kawu Na Rafindadi:
To, tunda haka ne shi ke nan. Ci gaba muna ji.

Baban Hanifa:
Bayan azahar na tsallaka na bi ta kasuwar tufafi ta Guriyya har Babu Zuwaila, ta 1092. A kanta akwai hasumiya biyu na masallacin Sarki Mu'ayyad. An ce a wurin kurkuku ne aka taɓa tsare shi, ya yi alkawarin in Allah ya fid da shi zai mai da wurin masallaci, ya kuma cika. A ƙofar nan ne Turkawa suka rataye Tumanbai, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Na biya na hau. Matakalar matsattsiya ce, wani wurin duhu, sai da fitilar waya. Daga sama hasumiyoyi ne iya ganinka, da ɗakunan tantabaru na katako a kan rufin gidaje, ga Ƙal'ar Salahuddin can bisa tudu.

Abin da ya fi zauna mani shi ne Khayamiyya, rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti da ke fuskantar ƙofar. Wani tsoho na zaune ya tanƙwashe ƙafa a ɗan shagon da bai fi tabarma biyu ba, yana yanka ƙyalle ja yana naɗe bakinsa da allura yana ɗinke shi a kan fari. Ba ya ko duban hannunsa. Sak masu ɗinkin aska takwas a bakin zaure. Na yi mashi sallama da Larabcin islamiyya, ya matsa mani wuri, ya aika aka kawo karkade, wato zoɓonmu ne da zafinsa. Ya tambaye ni gari, na ce Katsina, ya girgiza kai bai sani ba. Na ce Nijeriya, sai ya hau lissafo 'yan ƙwallo. Na yi kusan awa a wurinsa. Na sayi ƙaramin ƙyalle ɗaya na rataya wa Hajiya a jikin gado.

Na ƙarasa ta gaban masallacin Sultan Hasan, ban shiga ba, na bi titin Saliba zuwa masallacin Ibn Tulun na 879, na samu la'asar. Hasumiyarsa ta waje matakalarta take, tana naɗe ta. Ƙasa faɗi, sama tsukakke. Ina ganinta Gobarau, tsohuwar hasumiyar garinmu Katsina, ta faɗo mani. Sai na tambayi kaina yaushe rabona da Gobarau. Jama'a, shekara sha tara. Kullum ina wuce unguwar a mota. Na yi tafiyar awa tara a garin wasu ina duba bangonsu dutse bayan dutse, garin da aka binne cibiyata kuwa ban taɓa ba shi ko awa biyu a ƙafa ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci jiya.

Malam Na Gambarawa:
Allah ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa. Tsohon nan bai san Katsina ba, amma malaman garinsa na da sun san ta. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, wanda kowane azumi muke jin Jalalaini a bakin masu tafsiri, ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha. Kabarinsa na nan kusa da Babul Ƙarafa, ba nisa sosai da inda ka ƙare tafiyarka. Sannan akwai namu na gida, Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin hisabi da falaki da hatimi. Ya tafi hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa, ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin nan na Masar. Bakatsine ne, Larabawa suka zauna gabansa suna ɗaukar ilimi. Titunan da ka taka, ya taka su. Kuma shi ba jirgi ya kai shi ba.

Baban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, da na san wannan jiya da na faɗa wa tsohon. Zan koma in faɗa mashi kafin mu taso.

Ɗalibin Azhar:
Yaya sannu da jinya, ban san kana gari ba sai yanzu. Ina Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, shekarata ta huɗu. Ƙari kan maganar Malam, a Azhar ɗin akwai ruwaƙai, wato ɓangarorin zama da karatu, da aka ware wa ɗalibai bisa ƙasashensu, har da na Barnawa. Mutanenmu sun daɗe a nan. Ka yi dabara da ka fita Laraba da safe. Daren Alhamis da Juma'a titin Mu'izz ba masaka tsinke. Kuma ka yi sa'ar lokaci, yanzu sanyi ne. A watan Yuli ba mai yin wannan tafiyar da rana. Ga masu zuwa nan gaba: ku riƙe canji ƙanana don masu tsaron takalma, ku tambayi kuɗin abu kafin ku ci ko ku sha, kuma a kasuwar Khan Khalili kada ku biya kuɗin farko da aka faɗa. Ban ga ka ambaci masallacin Husaini ba, yana tsallaken Azhar.

Abu Ammar:
Gara da bai shiga ba. Abin da ake yi a wurin kabarin nan ba abin koyi ba ne.

Malam Na Gambarawa:
Ɗana, ziyara da ladubbanta, malamai sun yi bayani tun kafin a haife mu.

Mai Kula da Zaure:
Malam, Abu Ammar, don Allah a bar wannan a nan. Mun san inda take kai mu. Maganar tafiya ake.

Maman Sadiƙ:
Ni akwai abin da zan ƙara, don kada mata su ji labarin Baban Hanifa su ɗauka haka abin yake ga kowa. Shi namiji ne, ga gemu ga hula, ko'ina "ya hag", wato Alhaji, ake ce mashi. Ni da ɗiyata da muka bi titin nan, yara sun bi mu suna tsokanar launin fatarmu, suna kiran "samara", wani ma "shokolata". Ɗiyata ta yi kuka. Ba duka ba, wata mai sayar da turare ta kore su ta ba mu kujera. Amma ya faru. Mace ta tafi da abokiyar tafiya, ta shiga taragon mata a jirgin, akwai shi a tsakiya. Duk da haka in na koma zan sake bi, don a mota ba abin da na gani sai bayan kan direba da cunkoso.

Ɗalibin Azhar:
Gaskiya ne Anti, mu ma muna sha. Mafi yawa yara ne da matasa. Sai haƙuri.

Injiniya:
Ina son in taɓa maganar Gobarau, don na ga inda za ta. Kada mu yi wa kanmu rashin adalci. Su da dutse suka yi gini, ga dutsen Muƙaɗɗam a bayan gari suna fasa, ga shi ruwan sama bai dame su ba. Mu da ƙasa muka yi, damina na dukanta wata huɗu duk shekara. Ginin ƙasa in ba a yi mashi yaɓe ba, narkewa yake. Ganuwar Katsina da aikin gayya ta rayu, unguwa-unguwa ake fitowa bayan damina. Ranar da aka daina jin tsoron mahara aka daina gayyar, sai masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka ƙarasa ta. Gobarau da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ƙasa ce zalla, kusan ƙafa 50, kuma tana tsaye. A wurina wannan ya fi dutsen Masar ban mamaki.

Baban Hanifa:
Injiniya ban musa ba, kuma ba cewa na yi nasu ya fi namu ba. Cewa na yi ni ban je na duba namu ba. Mutum ba ya kishin abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Da muna bi ta jikin ganuwar a ƙafa kullum, da ranar da aka fara yankar ta mun gani, mun yi magana. A mota ba ka ganin gini na mutuwa, sai ranar da ka ga shago a wurin.

Auta:
Yaya ku yi haƙuri, ni ƙarami ne amma zan faɗa. Ba lalaci ne ya hana mu tafiya a ƙasa ba, mutane ne. Ranar nan na ce bari in taka daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro. Mota uku ta tsaya. "Lafiya? Ina mashin ɗin?" Washegari aka ce wa babata wai an ga ni ina yawo a rana, ko na sayar da mashin ne. A garin nan mai rufin asiri ba ya tafiya a ƙasa. Kai ma Yaya da a Katsina ka yi awa tara kana tsayawa kana kallon bango, da yanzu ana yi maka addu'a.

Hajiya Babba:
Auta ya faɗi gaskiya, kuma abin sabo ne. Mu da muka tashi, daga Yammawa zuwa Ƙofar Guga a ƙasa muke zuwa gaisuwa, mu da iyayenmu, a tsaya gida biyar a hanya. Ta haka muka san dangi. Yanzu yarinya za ta shiga Keke Napep daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, ba ta san waye a tsakani ba. Ga ciwon ƙafa da hawan jini da sukari sun cika gidaje. Likita ya ce mani in riƙa tafiya, na ce a ina, a tsakar gida?

Direban Abuja:
Hajiya da girmanki, amma a ina za a taka ɗin? Gefen titi 'yan tireda sun cinye, abin da ya rage masu mashin na bi ta kai. Inuwa babu, an sare itatuwa. Ga masu ƙwacen waya. Shi titin da Baban Hanifa ke magana ai an hana motoci shiga yawancin yini, an shimfiɗa dutse, an sa fitilu. A gyara mana haka a gani in ba mu taka ba. Ni dai ba zan ɗauki iyalina in shiga rana ina haɗiyar ƙura don a ce na san gari ba.

Baban Hanifa:
Titin Mu'izz kaɗai aka gyara haka. Daga Babu Zuwaila zuwa Ibn Tulun da 'yan tuk-tuk, wato Keke Napep ɗinsu, da amalanke da ruwan kwata na yi ta kokawa, ya fi cikin birninmu matsi. Mutanen dai suna tafiya ne, tsoho da yaro, mai kwat da mai jallabiya. Lungunan cikin gari namu kuma ai suna da inuwa da safe.

Ɗan Daura:
Ku zo Daura ku gani. Daga fada zuwa rijiyar Kusugu taku kaɗan ne, baƙi na zuwa daga ko'ina, a ja ruwa a ba su su sha. Amma in faɗi gaskiya, ni ma rabona da shiga tun muna firamare da malaminmu ya kai mu a layi. Baƙo ya fi ni sanin cikinta. Ranar sallar Gani kaɗai nake taka garin, shi ma don ba hanyar mota.

Injiniya:
To maimakon mu yi ta magana, ga shawara. Yanzu hunturu ne, rana ba ta da zafi sai wajen sha ɗaya. Asabar bayan asuba mu haɗu Ƙofar Soro. Mu bi ta Gobarau, in an buɗe mu hau. Mu shiga lungu har Ƙofar 'Yanɗaka, inda Turawa suka shigo a 1903. Mu dawo mu ƙare a tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922 da ke gidan tarihi yanzu. Ba gaggawa, duk inda aka ga abin tsayawa a tsaya. Malam in zai samu zuwa ya riƙa yi mana bayani, ya nuna mana wajen Ɗan Marina da Ɗan Masani, manyan malaman Katsina na da.

Malam Na Gambarawa:
Zan zo in Allah ya kai mu, amma ku yi tafiyar tsofaffi. Kuma a fara gaida masu unguwa kafin a shiga lungun mutane da waya ana ɗaukar hoto.

Direban Abuja:
Ina da lodi Asabar. Ku ɗauko hoto. In na ga ba ku dawo da tari ba, na biyu da ni.

Hajiya Babba:
Mu mata fa? Ba za mu bi ku a baya ba. Maman Sadiƙ, ki kira ni mu tsara namu ranar Lahadi, mu biya gidajen da na daɗe ban shiga ba.

Kawu Na Rafindadi:
Ku biyo ta ƙofar gidana, akwai kunu da ƙosai. Ni ƙafar ba ta kai Gobarau yanzu, amma zan raka ku zuwa bakin titi. Baban Hanifa, a jira ka ko a fara?

Baban Hanifa:
Ku fara Kawu, sai ƙarshen wata za a sallame mu. Ɗalibin Azhar, in ba ka da darasi Litinin ka zo ka raka ni wajen Suyuɗi, daga nan mu biya Khayamiyya, kai ka fi ni bakin da za a yi wa tsohon bayanin al-Kashinawi. Yanzu nan mai gashin ƙashi ya fita. Sun tayar da Hajiya da ƙarfen dogarawa, ta taka daga gado zuwa bakin ƙofa ta dawo, ƙanwata ta ƙirga taku sha huɗu. Ta ce gobe sai ta leƙa baranda.